SHARHI: Ƙurar silin da doka ta bari a hannun mai gida

A kowace shekara, cututtukan da ƙurar asbestos ke haddasawa suna kashe mutum kimanin 5,000 a Birtaniya, kamar yadda alƙaluman hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata ta ƙasar, wato HSE, suka nuna. Waɗanda haɗarin mota ke kashewa a titunan ƙasar ba su kai 2,000 ba. Abin da ya ƙara wa wannan lissafi nauyi shi ne, tun cikin 1999 aka haramta shigo da asbestos da sayar da shi da yin gini da shi a can. Fiye da shekara 25 ke nan da rufe ƙofa, amma har yau ana binne mutanen da suka shaƙi ƙurarsa a lokacin da ƙofar take buɗe.

Haramcin ya tsayar da shigowar sabo ne kawai. Wanda aka riga aka shafe bango da shi, aka naɗe bututu da shi, aka rufe saman ɗaki da shi, yana nan inda aka bar shi. Ga mafi yawan 'yan ƙasar kuwa, wurin da ya fi kusa da su shi ne silin ɗakin da suke kwana.

Shafen da ya zama tsohon yayi

Daga shekarun 1960 zuwa na 1980, magina a Birtaniya sun yi yayin wani shafe mai kauri da ake yi wa sili, wani lokaci har da bango. Ana shafa shi, kafin ya bushe a bi shi da tsefe ko buroshi ko soso, a fitar da zane kamar na igiyar ruwa, ko a bar shi da gurza-gurza. Sunan kamfanin da ya fi shahara da shi, Artex, shi ya zama sunan kowane shafe irin wannan, kamar yadda a Najeriya ake kiran kowane garin sabulu Omo. Dalilin karɓuwarsa ba ado kaɗai ba ne. Yana ɓoye tsagewa da rashin daidaiton sili, yana da araha, kuma ba sai an nemo ƙwararren mai filasta ba. A daidai lokacin da ƙananan hukumomi ke gina gidaje dubu-dubu domin masu ƙaramin ƙarfi, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

A Amurka ma an yi irinsa, sai dai su da inji ake fesa shi, ya fito da ƙuraje-ƙuraje, shi ya sa suke kiransa silin gugguru. Ya cika gidajen da aka gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman saboda yana rage amo tsakanin bene da bene.

A cikin garin da ake kwaɓawa domin wannan shafe, masana'antu sun riƙa zuba farin asbestos, domin ya ƙara masa ƙarfi ya kuma hana shi tsagewa. Ba shi da yawa: a Birtaniya yawanci bai wuce kashi kaɗan cikin ɗari na nauyin shafen ba. Kamfanin Artex ya daina zuba shi a tsakiyar shekarun 1980, kuma wanda ake sayarwa yau babu asbestos a cikinsa. Amma tsofaffin buhuna sun ci gaba da yawo a shaguna da rumbunan magina, shi ya sa HSE ta ja layinta a shekarar 2000: duk ginin da aka yi ko aka yi wa kwaskwarima kafin nan, a ɗauka yana iya ƙunsar asbestos har sai gwaji ya nuna akasin haka. Ido ba ya rarrabewa. Silin da ke da shi da wanda ba shi da shi kamarsu ɗaya.

Yanzu yayi ya juya. Matasan da suka yi shekaru suna tara kuɗin kafin alƙalami domin sayen gidansu na farko, abin da suke iya saya yawanci tsohon gida ne, kuma abin da suka fara tsana idan suka ɗaga kai shi ne wannan sili. Kuɗin mai filasta ya yi tsada, bashin gida ya cinye abin da ya rage, ga kuma YouTube da TikTok cike da hotunan bidiyo na mutane suna kankare sili cikin minti biyu, kiɗa na tashi, ɗaki na komawa sumul. A ƙarshen mako sai a sayo makankari da injin goge bango, a hau tsani.

Yadda ƙurar ke aiki

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, wanda idan aka farfasa shi yake rabewa zuwa siraran zare. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ba ya narkewa cikin sauƙi, kuma waɗannan halaye da suka sa magina ƙaunarsa su ne suka sa jiki ya kasa rabuwa da shi. Muddin zaren yana ɗaure a cikin shafe, an kuma bi shi da fenti, ba ya fita, ba ya cutar da mai kwana a ƙarƙashinsa. Matsala tana farawa ne ran da aka goge shi da samfefa, ko aka kankare shi a bushe, ko aka huda shi domin saka fitila. A nan zaren ke tashi, ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ba shi da wari, ba ya sa tari nan take, kuma yana iya daɗewa yana shawagi a iskar ɗaki kafin ya sauka a kan kafet da labule da kayan wasan yara. Tsintsiya tana sake tayar da shi. Na'urar zuƙe ƙura ta gida kuwa ta fi tsintsiya ɓarna, domin matatarta ba ta iya riƙe shi, sai ta zuƙe shi ta gaba ta feso shi ta baya.

Wanda ya shiga huhu yana iya zama a can har ƙarshen rayuwa. Yana haddasa taurin huhu da ke hana numfashi, da ciwon dajin huhu, da na maƙogwaro, da na ƙwan mace, da kuma wanda aka fi danganta shi da shi, wato mesotiliyoma, ciwon dajin da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu ko hanji. Wannan na ƙarshe ba ya warkewa, kuma da yawa daga waɗanda aka gano suna da shi ba sa wuce shekara ɗaya zuwa biyu. Shi kaɗai yana kashe sama da mutum 2,000 a shekara a Birtaniya. Tsakanin shaƙar ƙurar da bayyanar ciwon akan ɗauki shekara 20 zuwa 50. Matashi ɗan shekara 28 da ya kankare silinsa bana, in har ciwon zai zo, sai yana kusa da ritaya zai ji shi, lokacin da ya sayar da gidan tuntuni, ya ma manta launin fentin da ya yi masa.

Wannan jinkiri shi ne babban abokin duk wanda ba ya so a yi maganar. Tun 1898 wata mai binciken masana'antu ta gwamnati, Lucy Deane, ta rubuta rahoto kan illar ƙurar. A 1924 Nellie Kershaw, ma'aikaciyar masaƙar asbestos ta kamfanin Turner Brothers a garin Rochdale, ta mutu tana da shekara 33, kuma mutuwarta ce ta farko da aka bayyana a rubuce-rubucen likitanci a matsayin wadda ƙurar ta jawo. Kamfanin ya ƙi biyan diyya, aka binne ta a kabarin da babu ko alamar suna. A 1955 Richard Doll ya tabbatar da alaƙarsa da ciwon dajin huhu, a 1960 kuma likita Christopher Wagner da abokan aikinsa suka danganta mesotiliyoma da shuɗin asbestos a yankin haƙar ma'adinai na Afirka ta Kudu. Duk da haka sai a 1985 Birtaniya ta haramta shuɗin da ruwan ƙasan, farin kuma ya ƙara shekara 14 yana kasuwa. Duk silin Artex mai asbestos da ke ƙasar an shafa shi ne bayan an san abin da ƙurar ke yi.

Girman haɗarin: inda masana suka rabu

A nan ya kamata a yi adalci, domin tsoro ma kasuwa ne, kuma akwai kamfanonin da ke cin abinci da firgita masu gida. A jerin kayan gini masu asbestos, shafen sili yana cikin marasa haɗari sosai. Waɗanda suka fi kisa su ne wanda aka fesa a ƙarafan gini, da wanda aka naɗe bututun tukunyar ɗumama gida da shi, da allunan hana gobara masu ɗauke da ruwan ƙasan asbestos, waɗanda ke marmashewa da ɗan taɓawa. Wani nazari da John Hodgson da Andrew Darnton na HSE suka wallafa a 2000 ya ƙiyasta cewa, wajen haddasa mesotiliyoma, idan ƙarfin farin asbestos ɗaya ne, na ruwan ƙasan ya kai 100, na shuɗin kuma 500. Yawan amfani da ruwan ƙasan ne ya sa Birtaniya take cikin ƙasashen da wannan ciwo ya fi yi wa ɓarna a duniya. Binciken da Julian Peto da abokan aikinsa suka fitar a 2009 ya nuna cewa a cikin kafintocin da aka haifa a shekarun 1940, waɗanda suka yi aikin sama da shekara goma kafin su cika 30, ɗaya cikin 17 zai mutu da shi. Waɗannan mutane ne da suka yi ta yanka alluna da zarto kullum, shekara da shekaru. Wanda ya kankare sili ɗaya sau ɗaya a rayuwarsa bai kusanci wannan mataki ba, kuma duk wanda ya gaya masa cewa ya gama yawo ya yi masa ƙarya.

Da irin wannan hujja ce HSE ta cire shafen sili daga jerin ayyukan da sai kamfani mai lasisi zai yi, a dokokin 2006. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi adawa da matakin, suna cewa gwajin da aka yi a ƙarƙashin kulawar masana ba ya nuna abin da ke faruwa a ainihin wurin aiki, inda ake sauri, ake kuma biyan mutum gwargwadon ɗakunan da ya gama.

Hujjar ƙungiyoyin tana da ƙarfin da ba a cika ba ta ba. Na farko, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya dukkan nau'o'in asbestos, har da farin, a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, kuma ba a gano wani ma'aunin da za a ce ƙasa da shi babu haɗari ba. Na biyu, alƙaluman da ke nuna ƙarancin ƙura sun dogara ne ga a jiƙa shafen kafin a taɓa shi. Injin goge bango mai gudu, a kan busasshen sili, cikin rufaffen ɗaki, wani labari ne daban. Na uku kuma, wanda masu bidiyo ba sa faɗa: wani lokaci shafen yana kan allon hana gobara ne, wato mai ruwan ƙasan asbestos. Mutum yana tsammanin ƙaramin haɗari yake kankarewa, ashe babban ne yake karcewa a ƙarƙashinsa.

Haɗarin ga mutum ɗaya ƙarami ne. Gidajen kuwa miliyoyi ne. Ƙaramin kaso idan aka ninka shi da miliyoyi, gawarwaki yake bayarwa, sai dai babu wanda zai iya nuna wace gawa ce ta wane sili.

Inda doka ta tsaya

Dokokin kula da asbestos na 2012, waɗanda ke aiki a Birtaniya yanzu, suna da tsauri a kan takarda. Sun ɗora wa duk mai kula da makaranta ko asibiti ko ofis ko shago nauyin ya binciko inda asbestos yake a gininsa, ya rubuta, ya riƙa duba halin da yake ciki, ya kuma sanar da duk ma'aikacin da zai taɓa wurin. Nauyin ya haɗa da wuraren da mazauna bene ke tarayya a kansu, kamar matakala da baranda. Amma da an shiga ƙofar ɗaki, ya ƙare. Mai gidan kansa babu abin da ya tilasta masa yin bincike, kuma idan ya ga dama ya kankare silinsa da hannunsa, dokar kariyar ma'aikata ba ta hau kansa ba, tunda shi ba ma'aikacin kowa ba ne.

A kwatanta mutum biyu a layi ɗaya. Na farko ma'aikacin kamfani ne da aka turo ya cire shafen sili a gida mai lamba 10. Idan aikin babba ne, dole a sanar da hukuma kafin a fara, dole a ba shi horo, da rigar da ake yarwa bayan aiki, da takunkumi mai ƙarfin FFP3 wanda aka gwada ya zauna daidai a fuskarsa, da na'urar zuƙe ƙura ta musamman. Dole likita ya duba shi duk bayan shekara uku, a kuma ajiye bayanan lafiyarsa har shekara 40. Na biyu mai gida ne a lamba 12, silinsa iri ɗaya, magini ɗaya ne ya shafa su a mako ɗaya cikin 1974. Shi yana kan tsani da tsohuwar riga, ya ɗaura ƙyalle a hanci, matarsa tana riƙe masa bokiti, jaririnsu yana barci a ɗakin da ke kusa. Doka ta san na farko da suna, na biyu kuwa babu shi a kowane littafi.

Tsakanin waɗannan biyu akwai na uku, wanda ya fi su zama cikin haɗari: ɗan ƙwadagon da ake biya kuɗi hannu, babu rasit, wanda mai gidan haya ya ɗauko domin a gyara ɗaki cikin kwana biyu kafin sabon ɗan haya ya tare. A bisa doka yana da kariya. A zahiri babu mai binciken da zai ƙwanƙwasa ƙofar. Cikin masu yin irin wannan aiki a biranen Landan da Manchester da Birmingham akwai baƙin haure da sababbin zuwa, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma da ke haɗa shi da karatu ko da aikin kula da tsofaffi. Shi wannan ba sili ɗaya zai kankare ba. Zai yi ɗari, kuma idan ciwon ya zo yana iya kasancewa ya koma ƙasarsa, inda babu likitan da zai tambaye shi aikin da ya yi shekara 30 baya. HSE ta ce a kowane mako masu sana'ar hannu kimanin 20 ke mutuwa saboda ƙurar da suka shaƙa a baya, kuma a 2023 ta ƙaddamar da gangamin wayar da kai na musamman ga matasan magina, domin da yawansu an haife su ne bayan haramcin, suna ɗauka cewa asbestos tarihi ne.

Abin takaicin shi ne maganin ba shi da tsada. Akwai ɗakunan gwaje-gwaje da hukuma ta amince da su, waɗanda ke duba ɗan gutsuren sili su ba da amsa cikin 'yan kwanaki, a kan kuɗin da bai kai na fentin ɗakin ba. Idan an sami asbestos kuma silin lafiyarsa ƙalau, shawarar HSE ita ce a ƙyale shi. Wanda ba ya son ganinsa yana iya sa a bi shi da sabuwar filasta ko a rufe shi da allo, muddin ba a goge shi da samfefa kafin nan ba, a kuma gaya wa duk wanda zai sayi gidan ko zai yi aiki a cikinsa. Idan dole sai an cire, ana laushe shi da tururi ko da wani man da ke narkar da shi, a shimfiɗa leda a ƙasa, a rufe ƙofa, a kwashe shi yana jiƙe, a zuba a leda biyu, a kai inda ƙaramar hukuma ta ware wa shara mai haɗari. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin talaka. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa a lokacin da ya dace, wato ran da ya karɓi makulli. Mai sayar da gida a Ingila dole ne ya nuna takardar da ke bayyana yawan makamashin da gidan ke ci. Babu dokar da ta ce sai ya sa an bincika masa asbestos.

Amurka da Ostareliya

Giɓin ba na Birtaniya kaɗai ba ne. A Amurka an hana fesa asbestos a gine-gine a matakai cikin shekarun 1970, amma aka bar magina su ƙarar da abin da ke rumbunansu, don haka silin gugguru mai asbestos ya ci gaba da hawa har cikin shekarun 1980. Hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta yi yunƙurin haramta mafi yawan kayan asbestos a 1989, sai kotun ɗaukaka ƙara ta rushe mafi yawan dokar a 1991 bayan masana'antu sun kai ƙara. Sai a watan Maris na 2024 hukumar ta fitar da dokar haramta farin asbestos, tana mai cewa ana danganta ƙurar da mutuwar sama da mutum 40,000 a shekara a ƙasar. Dokar tarayya da ke tilasta bincike kafin a rushe ko a gyara gini kuwa ta keɓe gidajen zama masu sassa huɗu ko ƙasa da haka. Wato a can ma, gidan iyali ɗaya yana waje.

Ostareliya ce ta fi nuna inda wannan hanya take kaiwa. Likitoci a can suna maganar zango uku na masu ciwon: na farko mahaƙan ma'adinai, irin na garin Wittenoom wanda daga baya gwamnati ta share sunansa daga taswira, na biyu magina da ma'aikatan masana'antu, na uku kuma masu gyaran gidajensu da kansu. Wani nazari da aka wallafa a 2011 kan jihar Yammacin Ostareliya ya nuna ƙaruwar masu mesotiliyoma da ba su da wata alaƙa da asbestos sai ta gyaran gida, kuma mata suna da yawa a cikinsu. Gaskiya ne cewa kayan da aka gina gidajen Ostareliya da su sun fi shafen sili haɗari, domin wasunsu na ɗauke da shuɗin asbestos. Amma darasin a fili yake: bayan an kare ma'aikata, ciwon yana komawa gida.

Siyasar a bar shi inda yake

Manufar Birtaniya a hukumance ita ce a bar asbestos a wurinsa a riƙa sa masa ido. Ta fuskar lafiya akwai hikima a ciki, domin cirewa ba tare da ƙwarewa ba ya fi bari haɗari. Ta fuskar siyasa kuma manufa ce mai daɗi ga kowace gwamnati, tunda ba ta buƙatar ko sisi a kasafin bana. A watan Afrilun 2022, kwamitin majalisar dokoki mai kula da ayyuka da fansho, ƙarƙashin Stephen Timms, ya ba da shawarar a sa wa'adin shekara 40 domin cire asbestos daga dukkan gine-ginen da ba na zama ba, a kuma buɗe rajista ta ƙasa. Gwamnatin Conservative ta lokacin ta ƙi. Ko da ta amince ma, shawarar ba ta shafi gidajen zama ba. A 2024 Timms ɗin ya zama minista a gwamnatin Labour, ya koma gefen teburin da ake karɓar irin wannan shawara.

Rauni mafi girma na wannan manufa shi ne ta dogara ga cewa gine-gine za su zauna ba a taɓa su ba, alhali wata manufar ta gwamnati ɗaya tana buƙatar a taɓa su duka. Birtaniya ta ɗaure kanta da doka cewa za ta kai ga daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2050, kuma gidajenta suna cikin mafi tsufa a Turai. Cimma wannan buri na nufin a huda sili da bango a miliyoyin gidaje, domin saka abin riƙe ɗumi, da sababbin bututu, da wayoyin lantarki. Tarayyar Turai, wadda ke shirin yi wa gine-gine miliyan 35 kwaskwarima nan da 2030, ta hango haka, shi ya sa a 2023 ta rage iyakar zaren asbestos da aka yarda ya kasance a iskar wurin aiki zuwa kashi ɗaya cikin goma na yadda take a da. Birtaniya, wadda ta riga ta fice daga Tarayyar, ba ta cikin waɗanda wannan sauyi ya hau kansu.

A matakin duniya kuwa cinikin bai tsaya ba. Ƙasashe kimanin 70 ne suka haramta asbestos, cikinsu har da Afirka ta Kudu a 2008 da Kanada a 2018, waɗanda dukkansu a da manyan mahaƙansa ne. Rasha da Kazakistan da Sin suna ci gaba da haƙowa, Indiya tana kan gaba wajen saye. Tun 2006 ake ƙoƙarin sanya farin asbestos cikin jerin kayayyaki masu haɗari na Yarjejeniyar Rotterdam, wadda ba ta ma haramta komai ba, iyakarta ta tilasta wa mai sayarwa ya sanar da mai saye, amma kowane zama sai ƙasashen da ke cin ribarsa su hana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 200,000 ke mutuwa a shekara saboda shaƙar ƙurar a wurin aiki. Masu gyaran gidajensu ba sa cikin wannan lissafi.

Silin da ke saman Najeriya

Shafen Artex bai yi yayi a Najeriya ba, amma ɗan uwansa ya yi. Kamfanin Turner & Newall, wanda masaƙar da Nellie Kershaw ta yi wa aiki take ƙarƙashinsa, shi ne ya kafa masana'antar kwanon rufi da silin asbestos a Emene kusa da Enugu a farkon shekarun 1960, wadda daga baya ta zama Emenite. An yi irinta a Legas da Kano da Bauchi. Manyan kamfanonin da suka rage sun koma yin kayan da babu asbestos a cikinsu, sai dai abin da aka sayar cikin shekaru da dama yana nan a saman azuzuwan firamare, da barikokin soja da na 'yan sanda, da gidajen ma'aikata, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da rukunin gidajen gwamnati na zamanin arzikin man fetur. Har yau a kasuwar kayan gini, farin allon sili mai murabba'i asbestos ake kiransa, ko da me aka yi shi.

Kuma a nan ma yayi ya juya. Duk wanda ya sami ɗan hali yana so ya sauke tsohon sili ya sa POP ko na roba. Allon siminti mai asbestos, kamar shafen Birtaniya, ba ya cutarwa sosai muddin yana zaune lafiya. Amma ba a kwance shi ƙusa bayan ƙusa, a jiƙe, a sauke shi ɗungurungum. Yaron kafinta ne ke hawa da guduma, ya farfasa shi daga ƙasa, ƙura tana zubo masa a fuska, sannan a share ɗakin da tsintsiya. Baraguzan kuma ba sa zuwa wata shara ta musamman. Akan tura su a baro a zuba a ramin da ruwan damina ya ci a bakin layi, inda tayar mota da ta babur za su yi ta niƙa su har iskar hunturu ta zo.